Fina-finan Mahauci a Kasuwar Gwaram

Da na bar makaranta a aji uku, Kawu, ƙanin innata, ya ɗauke ni aiki a rumfarsa ta cajin waya da tura fim a tashar Birnin Kudu. Ranar kasuwar Gwaram kuma mu ɗaure kwamfuta da ɗan janareto a bayan mashin mu tafi can.

Mutanenmu da fuskar jarumi suke zaɓen fim. Ni na lura duk fim ɗin da direbobi ke dawowa nema, sunan darakta ɗaya ne a ƙarshensa. Sunan ya fi ƙarfin bokona, sai na sa masa Mahauci, don ba ya rowar jini. A fim ɗinsa ba mai tashi sama. In aka karya wa jarumi ƙafa a farko, da ɗingishi zai kai ƙarshe. Mota in ta daki bango, haka za ta yi ta yawo a lotse, kamar motocin layin Gwaram.

Matsalar, bakina. Mutum zai ce, "Wannan da kyau?" Sai in miƙe in ba shi labarin har inda aka kashe bos, babban mugun fim ɗin, da ƙarar bindiga, da faɗuwa ƙasa. Ya sha dariya, ya yi godiya, ya mai da wayarsa aljihu. To, me ya rage ya saya?

Wata safiya muna ɗaure kaya, Kawu ya ce, "Yau in ka sake raba fim kyauta, gobe kana ƙauyenku Kiyako, ga fartanya, ga babanka."

Na ce, "Kawu, ai talla nake."

"Tallan da ake cinye kayan a bakin mai talla?"

Ni kuwa ba gonar nake tsoro ba. A rumfar nan ne kaɗai aka taɓa cewa na iya wani abu.

Bayan azahar wani dattijon direban bas ya zo caji, ya zauna a benci. Ya ce, "Ɗan nan, an ce kai ne talabijin ɗin talaka. Kunna mana."

Na dubi Kawu, ya yi kamar yana gyaran soket. Na ce a raina, kaɗan zan taɓa.

Na ɗauko wanda na fi so a fina-finan Mahauci: wani bakanike da aka sace ƙaninsa. Na nuna yadda aka karya masa hannu ya ɗaure da robar taya. Masu sayar da rake suka matso, wani ɗan acaɓa ya kashe mashin. Na kai inda aka jefa shi cikin tankin mai, aka rufe, bos ya ƙyasta ashana.

Sai na ji nauyin takalmin Kawu a kan yatsuna.

Direban ya ce, "Sai aka yi yaya?"

Wallahi ƙarshen yana bakina, har yana ƙaiƙayi. Na haɗiye shi da ƙyar. Na ce, "Baba, talabijin ɗin an ɗauke wuta. Kawo waya."

"Kai, ɗan banza ne kai."

"Na gode, Baba. Memori ko bulutut?"

Ya miƙo yana zagina, na bayansa ma suka miƙo. Har la'asar ban samu na ci ko ƙosai ba. Da direban zai tafi ya ce in haɗa masa sauran na Mahaucin nan kafin kasuwa mai zuwa.

A hanyar komawa ina bayan mashin, rungume da kwamfuta. Kawu na tuƙi har muka hango fitilun Birnin Kudu. Shi dai ba ya kallon fim, yana cewa ɓata lokaci ne.

Ya ce, "Gobe ka buɗe rumfa da wuri." Can kuma ya rage gudu. "Wai bakaniken nan, ya fita daga tankin?"

Na ce, "Kawu, kawo waya."