Shirun da ke Tsakiyar Kiɗan Kawu

Jiya ina tsintar wake sai ƙanwata ta turo mini kiɗa a waya. Samarin Zuru ne masu koyon goge, kowa ya ɗauki nasa yana tura wa 'yan'uwa. Dukansu wani tsohon kiɗan gogen marigayi Kawu suke bi, daga kaset ɗaya da ya rage. A tsakiya kowannensu yakan yi ɗan shiru, kamar mai jan numfashi. Sun ɗauka haka kiɗan yake.

Ni kuwa na san shirun nan. Ranar da aka ɗauki kaset ɗin, ni ce na shiga zaure da ƙwaryar kunun tsamiya, na yi sallama a hankali. Kawu ya tsayar da hannu, ƙamshin ƙaron da ya shafa na tashi daga izgar gogen, ya amsa mini ƙasa-ƙasa. Rikoda ba ta kama muryarmu ba, amma mai ɗauka ya ɓata rai.

"Goge na iya jira," in ji Kawu, "mai sallama ba shi jira."

Ƙanwata ta ce in faɗa musu su gyara. Na ƙi. In suka cike gurbin, ina zan sake samun Kawu?

Allah Ya jiƙansa, Ya sa mala'iku su tarbe shi da sallama.