Nong Teryo da Jarumin da Ba Ya Dariya

Kujeru ɗari uku da goma sha biyu ne a silimarmu ta Bituon da ke garin Bacolod, sha ɗaya daga ciki sun karye, kuma ni ce manajar da ta san lambar kowacce. Ma'aikata bakwai gare ni. Shida suna jin magana. Na bakwai shi ne Nong Teryo Magbanua, mai zana mana allon talla.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana hawa tsani a gaban silimar nan da buroshi a hannu. Yana ɗan shekara sha tara ya gudo daga gonar rake, wai don rake ba shi da fuskar da za a zana. Matarsa, Manang Petra, ta adana hoton kowane allo da ya yi a cikin akwati, na kuwa taɓa zama na ƙirga: dubu ɗaya da ɗari shida da huɗu. Duk wanda ke cikinsu murmushi yake yi. Ɗan fashi na murmushi. Matar da jirgin ruwa ya nutse da mijinta na murmushi. Har wani kada da ya cinye rabin ƙauye na gani ya washe baki kamar ango.

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Duk watan Oktoba shi ke yi wa fuskokin bogi da ake sawa a bikin garinmu fenti, waɗanda dole ne su kasance suna dariya. Hannu ya riga ya saba.

Bara aka kawo mana fim ɗin Abo. Jarumi ne na littattafan labari masu zane da samarinmu suka tashi suna karantawa, sai dai wannan karon don manya aka yi shi. An ƙone masa gida da iyali, shi kuma ya fito yana karya ƙasusuwan mutane a cikin ruwan sama. Da agogo a hannu na kalle shi. Minti ɗari da arba'in da takwas, rana ta leƙo sau ɗaya, dariya kuwa ko ta maƙiyi babu. Masu tace finafinai suka ce sai wanda ya kai sha takwas.

Mai silimar, Misis Ocampo, ta kira ni ofis. Ta ce kowa a gari ya koma buga talla da inji a kan tamfol, mu kaɗai muka rage da warin fenti. Wannan allo shi ne gwaji na ƙarshe. In bai jawo mutane ba, tsanin Nong Teryo ya sauka ke nan.

Na kai masa hoton da kamfanin fim ya aiko. Na ce, "Nong, duba da kyau. Baƙi, ruwan toka, ja ɗan kaɗan. Don Allah kada ka ƙara komai."

Ya ce, "Inday, tun ba a yaye ki ba nake wannan aiki." Inday, haka manya ke kiran 'ya mace a garinmu.

"Ai abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Kwana uku ya yi a bayan labule. Ranar Juma'a da safe aka yaye, sai ga Abo da alkyabba ruwan ƙwai, rana ta fito masa ta bayan kunne, ruwan saman nan ya zama bakan gizo. Haƙora goma sha huɗu a waje. Na ƙirga sau biyu.

Na ce, "Nong! An kashe masa mata da 'ya'ya fa!"

"To shi ne kuma za mu ƙara masa? Na ga yaron a takure, na ce bari in ɗan kwantar masa da hankali."

Ranar Asabar iyaye suka ga allo, suka ɗebo yara. Iyali sittin da uku na mayar daga bakin ƙofa, yara casa'in da bakwai, arba'in daga ciki suna kuka. Wata tsohuwa ta nuna allon da lemarta ta ce, "Ke Inday, ji tsoron Allah. Wannan mai fara'ar ne zai kashe mutum?" Samarin da aka yi fim ɗin dominsu kuwa suka ɗaga kai, suka ce na yara aka kawo, suka wuce. Mutum ashirin da tara suka zauna a ciki. Misis Ocampo ta ce ranar Litinin mai tamfol zai zo.

Da safiyar Lahadi na je gidansa. Na same shi a tsakar gida, gasasshiyar kaza da shinkafa a gabansa bai taɓa ba. Manang Petra ta riga ta faɗa masa batun mai tamfol. Kwalaye goma sha ɗaya ne jingine da bango, ya gwada zana fuskar fushi a kowanne, amma duk inda buroshin ya iso gefen baki sai ya yi sama da kansa.

Na ce, "Ka shiga ka kalli fim ɗin mana, ko za ka gane."

Manang ta yi tsaki. "Wannan? Shekara arba'in bai taɓa ganin ƙarshen fim ba. Ana kashe fitila yake fara minshari."

Ya ce, "Ban san yadda ake yin fuskar fushi ba, Inday. In na sauka daga tsanin nan, ina zan hau?"

Manang ta shiga ɗaki, ta ciro madubin bango, ta dangwara masa a gaba. "Ga abin da kake nema, tsoho. Tun jiya nake kallon fuskar nan taka, ta ishe ni. Kwashe ta ka kai wa yaron."

Ya daɗe yana kallon kansa. Sai ya ce in ɗauko gwangwanin baƙin fenti, shi ya rungumi madubin.

Ranar Litinin Misis Ocampo ta iso, mai tamfol a bayanta. Allon ya yi baƙi ƙirin. Abo na tsaye cikin ruwa, idanu sun faɗa, layi biyu sun sauko gefen baki, har da tawadar Allah da ke haɓar Nong Teryo. Minti huɗu ta yi tana kallon allon. Sannan ta ce wa mai tamfol ya naɗe kayansa.

A makon nan sau uku muka cika kujeru ɗari uku da ɗaya masu lafiya. Masu keke kuma suka samu abin yi, duk wanda ya wuce sai ya ɗaga murya: "Nong Teryo, wa ya taɓa ka? Faɗa mana kafin ka karya mu!"

Har yau yana kan tsaninsa. Fuskar nan dai ba ta sake dawo masa ba, ko da na yi masa barazana da tamfol, don ya gane ba da gaske nake ba. A wancan allon ma, can ƙasa ta hagu, bayan takalmin Abo, akwai wani ɗan kare a jiƙe sharkaf yana washe baki. Haƙora shida. Misis Ocampo ba ta lura ba, ni kuma ban sa shi a rahoton da nake kai mata ba.