Fankar Gidan Don Ovidio

Don Ovidio Pertuz ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a birnin Barranquilla na ƙasar Kolombiya, bai taɓa jiran tsohuwar da ta makara wajen ɗaga hannu ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidansa, don haka ba a kasuwa na tsinci labarin nan ba.

Da ya ajiye aiki sai ya kama kiwon tsaka. Ba irin tamu ta bango da muke bi da silifa ba, ta saye, a akwatin gilashi. Biyu gare shi. Ɗaya mai ɗigo-ɗigo kamar damisa, 'yar hamada, gyare take ci, ɗumi ne jin daɗinta. Ɗayar mai gashin ido, daga daji mai laima aka samo irinta. Ana dama mata mangwaro, ana fesa mata ruwa safe da yamma, zafi in ya yi yawa kashe ta yake yi. A garin da rufin kwano ke gasa mutum da ransa, ya rasa abin da zai kawo sai ita. Ya sa mata suna Reina.

Fanka ɗaya ce a gidan, a gaban keken ɗinkin matarsa Doña Etelvina, mai fama da hawan jini. Ya ɗauke fankar, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a kan akwatin Reina, ya saita iskar a wurin.

"Maigida, jiri nake gani," in ji matar.

"Ke ai 'yar hamada ce, kamar mai ɗigon can," ya ce yana dariya. "Ku zafi ba ya kashe ku, ƙiba ma yake sa ku. Kowace iri da kulawarta."

Duk baƙon da ya shigo sai ya maimaita masa wannan, har da nuna ta da baki. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a kan keken, ni na zuba mata ruwa. Shi yana can yana duba ko tawul ya bushe. Na tsani mutumin nan, ban kuma ɓoye ba.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Wata rana na leƙa da azahar ɗauke da romon kifi. Yana kan kujerar lilo a ƙarƙashin kwano, riga ta manne masa, gumi na shiga idonsa ba hannun gogewa. Fanka na gaban Reina. Ya ƙura wa fankar ido yana gurnani.

"Haba maƙwabciya," na ce, "juya masa ita ko kaɗan ne mana."

Etelvina ta matse tawul a bokiti, ta wuce ta gabansa ruwa na ɗiga a ƙafarsa, ta shimfiɗa a kan akwatin, ta gyara gefe-gefensa a tsanake.

"Ai ni na koyi kiwo, 'yar'uwa," ta ce. "Wannan ba ta jure zafi." Ta sunkuya daidai kunnensa. "Kai kuwa maigida na duba ka da kyau, ɗan hamada ne. Kowane iri da kulawarsa."

Hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya. Akwai mafici a jakata. Na ajiye romon na fito, ban ciro shi ba.

Bai ga ƙarshen watan ba. Reina na nan har yau, ta yi ɓulɓul.