Baba Mai Baƙin Kofi, Ka Huta Ba Don Ka Gaji Ba

Shekara ashirin da shida, gari bai taɓa wayewa ba tare da ya tarar da Baba a ɗakin tatsa na gonar shanu ba. Sai ya wanke hannu har gwiwa, ya shafa hantsar kowace saniya ya ji ko da zafi ko tauri. Tatsar farko cikin wani baƙin kofi yake yi, don a kan baƙi ne gudaji da mugunya ba sa ɓuya. Kowace saniya da tsummanta, mai ciwo kuma ita ce ta ƙarshe. In ya gama, sai ya zuba musu ciyawa don su tsaya, kada su kwanta cikin kashi kan nono yana buɗe. Abokan aiki suna tsokanarsa wai ya fi ungozoma iyayi. 

Watan jiya hantsar saniyar da ta fi kowacce madara ta kumbura. Likitan dabbobi ya yi mata allura, ya ce a zubar da madararta kwana biyar, don maganin yana fita a cikinta. Mai gona ya ce ina, a juye cikin tanki, shanu arba'in wa zai gane? Direban motar madara yana tsaye, shi ya ji amsar Baba.

"Ranka ya daɗe, cikin yaron da zai sha zai gane."

Baba ya tuntsurar da bokitin madararta a kwata. Kwana biyar yana haka. Ƙarshen wata aka ce masa ya tsufa, ya je ya huta. Ko sannu babu, wallahi abin da ciwo.

Baba, kai ne garkuwar yaran da ba su san sunanka ba. Kai ne ka gwammace rasa aiki da ka sa guba a kofin ɗan wani.

Da direban ya je gaishe shi, ya same shi zaune a ƙofar ɗaki, ya rame. Bai yi zancen korar ba. Tambaya ɗaya ya yi: hantsar ta sace? Direban ya sunkuyar da kai, don saniyar tuni tana hannun mahauci.

Mun gode, Baba, Allah ya saka. Ku da kuka gaje shi, ku yi koyi da shi. Yaranmu suna shan abin da kuka tatsa, kuma yanzu Baba ba ya nan.