Sirajo Mai Awo da Bindigar Ƙanensa

Duk wanda ya taɓa sayen gero a Kasuwar Daji ya san Sirajo Mai Awo, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan da furfura ta kama gefe ɗaya na gemunsa ta ƙyale ɗayan, mai zama bakin rumfar hatsi da tiyarsa a gaba. Hannunsa ba ya ƙari, ba ya ragi. In ya cika tiya ya yi mata tozo, ko sau goma ka juye ka sake aunawa haka za ka same ta. A garinsu, Tungar Ɓaure da ke bayan Banga, an shaide shi da gaskiya da zumunci. Abu ɗaya ne tak ke ɓata masa rai a duniya, kuma abin nan a kafaɗar ƙanensa Murtala yake rataye.

Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta mahaifinsu ce, maharbin da aka sani tun daga Banga har dazukan Zurmi. Sirajo ne ya tashi yana bin tsohon daji, shi ke riƙe ƙahon albarushi, kuma a can ya fara koyon awo tun bai san tiya ba: ga iyakar abin da ake zubawa, ga yadda ake danna tsumma da sandar ɗuri, ga inda ba a taɓa nuna bakinta ko da wasa. Murtala kuwa, ko kaza za a yanka sai ya tuna yana da aike a wata unguwa.

Amma da ciwon ajali ya kama tsohon, sai ya tara shaidu, ya ce shanun huɗa biyu na Sirajo ne, bindiga ta Murtala ce. Kowa ya ce an fifita babba, don shanu sun ninka bindiga daraja nesa ba kusa ba. Sirajo ya yi godiya kamar yadda ya kamata. Ya fita wajen turke ya tsaya gaban shanun ya daɗe yana kallonsu, su ma suna kallonsa, ba wanda ya burge wani.

Shekarun farko abin bai dame shi ƙwarai ba, don bindigar na jingine ne a ɗaka. Sai da daji ya lalace, ɓarayi suka fara tare hanya suna kore dabbobi da rana tsaka, har shanun nan biyu suka bi ayari. Noma ya koma sai da rakiya. Mutum goma sha ɗaya masu bindiga a garin suka zama su ke shiga gaba in za a fita gona, su ke tsayawa a kan tudu har a tashi. Murtala na cikinsu, kuma da yake tasa ta fi kowace tsawo da tarihi, shi aka sa a gaban gaba.

Daga nan Sirajo ya daina jin daɗin abinci. Tsofaffin mata su tare Murtala a hanya suna sa masa albarka. A wurin suna a jawo masa tabarma, a tura masa ƙoshiya wajen da nama ya taru. Har aka fara ce masa ɗan maharbi, a gaban Sirajo, sai ka ce shi Sirajon tsinto shi aka yi a tasha. In Murtala ya wuce rumfar hatsi ya ce, “Yaya, barka da kasuwa,” Sirajo kan amsa wa bindigar ne, don ita yake kallo.

“Dubi wada ya rataye ta,” yakan ce wa matarsa Ummuhani in ya koma gida. “Kamar mai ɗauke da galma. Baba bai taɓa barin gindinta na bugun cinya ba.”

“To ka gwada mishi mana, Malam.”

“Ni in gwada mishi? Ai shi anka ba.”

Ana cikin haka sai magana ta cika rediyo, cewa ko ya kamata a bar talaka ya nemi izinin riƙe bindiga don kare kansa. Majalisar gindin dalbejiyar masallaci ta rabu biyu. Wasu suka ce wanda aka bari shi da ɓarayi ba a ce masa ya tare su da carbi ba. Wasu suka ce in kowa ya riƙe, rikicin iyakar gona ma sai an yi jana'iza. Sirajo ya yi kwana biyu yana saurare, ya auna abin a ransa. In aka ce kowa ya saya, zai iya sayen sabuwa a wurin maƙera, amma sabuwa ba ta Baba ba ce. In kuwa aka ce kowa ya ajiye, to Murtala zai koma tafiya da hannu biyu kamar sauran bayin Allah. Rana ta uku ya gyara murya ya shiga magana, kuma tun ranar garin bai sake samun mai adawa da bindiga irinsa ba.

Ya iya maganar kuwa, don ya san abin. Ya san yadda albarushi ke jiƙewa da damina ya ƙi tashi, mutum ya leƙa bakin ya ga dalili, sannan ya tashi. Ya san maharba biyu da bindiga ta fashe musu a hannu. Joel, ma'aikacin lafiya da ke zuwa daga Kaura a kan babur duk mako, ya mara masa baya, ya ce shi da hannunsa ya ɗinke tafin mutum uku a shekara ɗaya, kuma babu ko ɗaya da ɓarawo ya harba, duk su suka harbi kansu. Na'ibi, mai jan salla in liman ba ya nan, ya kawo sunan Sirajo a wa'azi, ya ce ga ɗan maharbi da ya tashi cikin hayaƙin albarushi amma Allah ya cire masa son abin a zuciya. Sirajo ya sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka tawali'u ne.

Mai gari bai yarda a ajiye bindigogi ba, don damina ta kama kuma dole a fita gona. Sai ya yanke tsaka-tsaki: duk Juma'a da hantsi a kawo su zaurensa a duba lafiyarsu, wanda aka kama da ganganci a karɓe tasa. Aka tambayi wa zai duba, bakuna suka haɗu a kan Sirajo, tunda ya san aikin kuma ba ya kwaɗayin abin.

“In anka karɓe ta mutum, ina za a kai ta?” wani ya tambaya.

Sirajo ya kalli rufin zaure kamar yanzu tunanin ya zo masa. “A ganina kar ta bar gidansu. A ba ɗan'uwansa na kusa wanda ya san kanta.”

Aka ce wannan adalci ne.

Juma'ar farko zauren ya cika har waje. Dubawar ba wuya gare ta: a zura sandar ɗuri cikin bakin bindiga. In babu komai ciki, sandar ta shige duka. In ɗuri ɗaya ne, yatsu huɗu su rage a waje. Sirajo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa wannan faɗan tsatsa, ya yi wa wancan faɗan kunama mai sako-sako. Ta Murtala ya bari ƙarshe. Shekara tara rabon da ya taɓa ta. Da ta sauka a hannunsa sai ya ji nauyinta daidai yadda ya bar shi, har ɗan tabon da ke gindinta yana nan inda ƙahon gada ya karce.

Ya kawar da bakinta daga jama'a, ya zura sandar. Ta tsaya da wuri. Ya ɗan juya ta ya sake dannawa a hankali, ta ƙi. Abin da ya rage a waje ya fi taƙi guda. Ɗuri uku ke nan, wani kan wani. Ranar da Murtala ya ja kunamar nan, ba ɓarawo za ta samu ba, fuskarsa da hannunsa za ta ɗauka, wataƙila har da na kusa da shi.

Sirajo ya rufe sandar da tafin hannu da hannun riga. Ga abin da ya jira shekara tara, ga shaidu cike da zaure, ga doka da bakinsa ya tsara. Kalma uku za ta wadatar. Har ya hango kansa gobe da safe a gaban ayarin manoma, gindin bindiga bai taɓa cinya ba. Sai ya ɗaga ido ya ga Murtala. Gumi na bin wuyansa, yana murza hularsa a hannu, irin tsayuwar da yakan yi suna yara in an kamo kaza.

“Yaya dai, Malam Sirajo?” in ji Na'ibi.

“Tana son wanki,” Sirajo ya ce. “A bar mani ita zuwa la'asar.”

Bayan an sauko daga masallaci suka zauna bayan rumbun Sirajo su biyu. Ya ɗura ruwa a bakin bindigar ya bar albarushin ya sha, sannan ya ɗauko waya mai lanƙwasasshen baki.

“Sau nawa ka harba ta?”

Murtala ya shiga tonon ƙasa da tsinke.

“Da kai nike.”

“Ban taɓa ba, Yaya.”

“Shekara tara.”

“Wallahi ko so guda. In anka ce ga su nan, sai cikina shi ɗauka, in rasa ko na ɗura ko ban ɗura ba. Sai in ce gara in ɗura. Ranar da sunka kore shanunka na ɗura. Ranar da sunka tare motar Shinkafi na ƙara.”

“Biyu ke nan. Na ukun fa?”

“Ban san da na uku ba.”

Sirajo ya zaro tsumman farko, yankin buhu ne. Na biyu ma haka, an cusa shi kamar ana toshe ramin ɓera. Ya zazzage baƙin ruwa da guntayen ƙarfe, ya sake zura wayar can ƙasa. Na ukun ya yi gardama, don an danna shi yadda ya kamata. Da ya fito sai ga ƙyallen saƙi mai baƙi da fari, an naɗe shi ninki uku. Ba wanda ke naɗe tsumma haka sai mutum ɗaya, kuma dukansu sun san rigar.

Murtala ya fara share ido. Sirajo ya shimfiɗa ƙyallen a gwiwa ya daɗe yana kallo.

“Har ɗurin ma Baba ya yi maka,” ya ce. “Ni ko igiyar shanun sai da na saya.”

“Yaya, riƙe ta. Don Allah riƙe ta. Ni ban taɓa sonta ba. Kullum ina gaba ana sa mani albarka, ni kau ina roƙon Allah kar a gamu da kowa. Ina jin Baba ya ba ni ita ne don ya san ba ni harbawa.”

“Ni kuma mahaukaci ne, ko? Da na bi gari ina harbin mutane.”

“Ba haka nike nufi ba.”

Ummuhani, wadda ta zo ɗiban dawa a rumbu kuma ɗiban ya ƙi ƙarewa, ta sa baki. “Karɓi mana, Malam. Gobe ka rataya ka bi ta ƙofar Na'ibi, shi ga wanda Allah ya cire ma son abin. In mutane sun tambayi mi Murtala ya yi anka karɓe, sai ka gaya musu.”

Sirajo ya harare ta. Ya kalli bindigar da ke kwance a cinyarsa, wankakkiya, ba kowa tsakaninsa da ita. In ya riƙe, kafin magariba garin ya san ɗan'uwansa ya daɗe yana raka su da abin da zai kashe shi, kuma ba tsohuwar da za ta sake amsa gaisuwarsa. Ya goge ta, ya shanya ta a rana, ya shafa mata man gyaɗa. Da ta bushe ya auna albarushi a tafin hannu ya yi mata ɗuri ɗaya, ya yi wa sandar alamar yanka da wuƙa daidai yatsu huɗu daga bakinta.

“In cikinka ya ɗauka, kar ka tambayi kanka. Zura sanda. In ka ga wannan yanka, akwai ɗuri, ka bar ta. Kuma ka daina barin gindinta na bugun cinyarka, kana ba mu kunya.”

Har yau haka ake. Sirajo na nan a rumfarsa yana awo, kuma in an tada zancen bindiga a gindin dalbejiya shi ne kan gaba wajen cewa a ajiye, sai dai yanzu yakan ƙara da cewa wanda ya zama dole ya riƙe, to ya koya. Murtala na nan a gaban ayari. An ce ya fi da natsuwa, kuma a zauren mai gari tasa ake ɗagawa a nuna wa sauran don tsabta, Sirajo na tsaye yana jin ana yaba wa Murtala man gyaɗar da shi ya shafa.

Don duk Juma'a da sassafe, kafin a tafi dubawa, Murtala kan biyo ta gidan wansa ya miƙa ta, ya zauna a zaure. Aikin ba ya wuce a zura sanda a goge. Amma Sirajo sai ya shige da ita ɗaka ya daɗe. Wata Juma'a Ummuhani ta ɗaga labule ta same shi gaban madubin kabad ɗinta, bindiga a kafaɗa, ya karkata hula, yana juyawa ta wannan gefe yana juyawa ta wancan.

Bai ko ji kunya ba. “Tsakaninki da Allah,” ya ce, “wa ta fi dacewa da shi?”

“Kai, Malam,” in ji ta. “Kai mishi abinshi, tun ɗazu shike tari a zaure.”