Gangar Ƙirjin Shilan

Aikin nan ya ci ni, ba wani ƙawata zance. Shekara da shekaru ina jan motar ma'aikatan jinya na wani asibiti a Jidda, daga masaukinsu na Khumra zuwa bakin aiki, in dawo da su, in sake komawa. Bayana ya riƙe, idona ya yi ja, kafili kuwa, wato ubangidan da takardar zamana ke hannunsa, in ka ce masa ka gaji sai ya ce, “Halas, akwai masu so.” Juma'a kaɗai nake da ita ta hutu, ita ma sai ga matan nan sun sa mata ido.

Amma bari in fara da Kaka, don ba don ita ba da ban san abin yi ba.

A unguwar Nuzla, nan cikin Jidda, aka haife ni. Kaka, uwar babanmu, a ƙafa ta taso daga ƙasar Hausa tana amarya, ta yi zaman Sudan har ta haihu, kafin ta tsallako Maliya. In an idar da isha'i sai ta sa mu hau mata da kaskon gawayi saman rufin gidanmu, ta ɗora butar shayi, ta zuba gyaɗa a gefen toka. Zafin Jidda ba ya neman wuta, amma ta ce tatsuniya ba ta sauka inda babu garwashi. Mu zauna, ni da ƙanwata Hajara da 'ya'yan maƙwabcinmu mutumin Yaman, waɗanda ko “zo” ba su ji da Hausa. Gyaɗa ta fara kawo su, daga baya waƙa ta riƙe su. Iskar teku na busowa da ƙarnin kifi, jiragen alhazai na wucewa ta kanmu, Kaka ta gyara zama.

“Ga ta nan, ta biyo ni tun daga Sudan.”

Mu haɗa baki: “Ta hau sama ta sha shayi!”

Wadda muka fi roƙo ita ce ta yarinya mai ganga a ƙirji. Kowa a garinsu da ganga ake haihuwarsa, tana cewa dum-dum, amma tata ta zo da yagewa a gefe, sai dai fuf-fuf. Badukun da zai ɗinke ta yana can bayan kogi, bayan rairayi. Ta zauna bakin ruwa tana waƙa, “Fuf-fuf, gangata ta yage, wa zai kai ni gidan baduku?” Kada ya taso ya ce ta hau. Mutanen gari suka ce kada ba namu ba ne, ba ya ko bismilla in zai ci abinci. Ta dai hau. Ya tsallakar da ita, ya ce ba ya ɗaukar mai yunwa, sai da ta ci tuwo a tsakiyar ruwa. Jimina ta goya ta ta ƙetare rairayi. Da suka isa allurar baduku ta karye, sai bushiya ta tsige ƙayarta ɗaya ta miƙa. Aka ɗinke. Nan Kaka za ta kifa kwano ta buga, dum-dum, dum-dum, mu tashi mu yi ta tsalle har babanmu ya yi tsawa daga ƙasa.

Wani dare na ce, “Kaka, to shi kada me ya samu?”

Ta ce, “Ji mijin nan nawa, komai sai ya tambayi riba. Ya samu jin gangar daga tsallake mana. Ubanka ma da kake gani, da na kwanta ciwo a hanya, nonon wata mata ya sha wadda ba ta salla. Ko sunanta ban riƙe ba. Ƙurunƙus kan kifin Maliya, ku sauka ku kwanta.”

Abu ɗaya ne Kaka ba ta yi: tatsuniya da rana. Ta ce mai yin ta ɓacewa yake yi a hanya. Sau ɗaya na ga ta karya wannan, ranar da baƙon dauro ya kwantar da ni na ƙi cin komai. Da tsakar rana ta kama bakin zanenta ta ƙulle, ta ce, “Na ɗaure Gizo, ba mai ɓata,” ta yi mini ta yarinya mai ganga. Ban san lokacin da na shanye kunu ba.

Kaka ta rasu ina saurayi. Na manta da wannan duka, sai bayan na haura arba'in.

A shekarar aka kawo wata yarinya asibitinmu, Shilan, 'yar Kurdawan Iraƙi, ba ta wuce shekara biyar ba. An haife ta da huda a zuciya, in ta yi kuka leɓenta ya koma shuɗi. Kakarta ce ta rako ta, tsohuwa da ba ta jin Larabci sam. Cikin matan da nake ja akwai Sista Luz 'yar Filifin da Sista Mariyamma 'yar Indiya. Kiristoci ne, kowa ya sani, ko da yake a garin nan ba a zancen. Su ba a ɓangaren yara ma suke aiki ba. Amma suka ɗora wa kansu yarinyar nan. In sun tashi aiki su je su yi mata wanka, su tsefe mata kai, su wanke wa tsohuwar kaya, su nuna mata alƙibla. Ran Juma'a kuwa Sista Luz ta tare ni da guntun Larabcinta.

“Ammu Sale, yalla, asibiti.”

Na ce, “Sista, yau Juma'a. 'Yarki ce?”

Ta ce, “Yau tawa ce. Gobe taka.”

Na kai su ina ta mita har bakin ƙofa.

Ana gobe za a yi mata aiki, na je ɗaukar su da la'asar ba su fito ba. Na hau sama a fusace. Na tarar Shilan ta dunƙule a kusurwar gado, ta riƙe ƙirjinta da hannu biyu. Tun jiya ta ƙi abinci, ba ta barin kowa ya taɓa ta. Sista Mariyamma ta ce mini in ba ta ci ba kafin lokacin da za a hana ta ci, likita zai ɗage aikin, takardar zamansu kuwa ta kusa ƙarewa. In suka koma ba a yi ba, wa ya san ranar dawowa? Sun yi mata waƙar ƙasarsu, sun yi mata tsuntsu da safar hannu, duk a banza. Tsohuwar tana gefe tana jan carbi, hawaye na bin kumatunta.

Na ga hannuwan nan a kan ƙirji, sai na ji bakina yana motsi da kansa. Na leƙa taga: rana ba ta faɗi ba tukuna. Ni kuwa direba ne, ɓata hanya ba abin wasa ba ne a wajena. Na ciro hankicina na ƙulle bakinsa. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi ƙullin, ita ma ta kama gefen mayafinta ta ƙulle. Har yau ban san ko su ma suna yi ba ne ko kara ta yi mini.

Na zauna a ƙasa, ƙato da ni, na fara da Hausa tsantsa. Na buga ƙirjina, dum-dum. Na buga na tsohuwa daga nesa, dum-dum. Na nuna yarinyar cikin tatsuniya, na yi fuf-fuf. Sai Shilan ta ɗago. Ta nuna kanta da yatsa, a hankali ta ce, “Fuf.”

Na ce, “Yauwa, 'yar gari!”

Na zama kada, na haɗa hannuwa ina buɗe baki ina rarrafe a kan tayil. Sista Luz ta gane, ta miƙe wuya ta zama jimina, tana taka ɗakin da ƙafa ɗai-ɗai. Sista Mariyamma, mace mai kamewa da ban taɓa jin dariyarta ba, ta soka cokulan roba a gashinta ta zama bushiya. Da muka kai tsakiyar kogi kada ya tsaya cik, ya rufe baki, ya ƙi tafiya, ya nuna farantin shinkafa. Shilan ta harare ni. Na harare ta. Ta ɗauki cokali ta ci loma ɗaya, kada ya matsa kaɗan. Ta ƙara, ya ƙara. Kafin mu kai gidan baduku faranti ya yi fes, tana dariya tana dukan murfinsa.

A hanyar komawa na wuce kwanar Khumra, hanyar da nake bi ko ido rufe. Matan suka yi ta yi mini tsiya. A raina na ce, Kaka, ɗaurin bai kama ba.

Aka yi aikin. Ran Alhamis da yamma Sista Mariyamma ta kira ni, ta sa mini abin sauraron likita a kunne, ta ɗora bakinsa gefen bandejin. Shilan ba ta da ƙarfin magana, ido kawai ta buɗe. Na ji shi. Dum-dum, dum-dum, ƙarami amma cikakke. Na juya na ga matan nan biyu sun riƙe hannun tsohuwa, su ukun suna kuka suna dariya, kowacce na gode wa Allah da harshenta.

Ni ba karatu na yi ba, ban iya dogon bayani ba. Amma tambayar da na yi wa Kaka a saman rufi, a ɗakin nan aka ba ni amsarta a kunne. Shekaru ina jan matan nan ina ganinsu kaya ne da ake saukewa a ƙofar asibiti, ashe masu tsallakar da 'ya'yan mutane nake ja, kuma abin da suke nema bai wuce abin da kada ya samu ba. Na tuna matar da ta shayar da babana. Da ta tsaya tambayar ko ɗan wa ne, da babu ni.

Washegari Juma'a ce, ba wanda ya roƙe ni. Na yi asuba, na saya gyaɗa a bakin titi, na ƙulle hankicina sau biyu, na tsaya ƙofar masaukinsu na danna hon.