Jif Mai Hanci a Rafin Garinmu

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtua ranar Talatar da ta wuce, ni da ƙanena, cikin tsohuwar jif ɗin da ya saya a gwanjo. Saƙo ne ya iso mana daga ƙauye cewa Inna ta taka ƙaya a gona, ƙafar ta kumbura har gwiwa, ga zazzaɓi. Ɗauko ta za mu yi mu kai asibiti. Damuwata ɗaya, rafin da ke bakin garinmu. Damina ta yi tsakiya, kuma bara a wurin nan injin motar ya sha ruwa ya mutu, sai da shanu suka jawo ta.

Saboda haka jajibirin tafiya muka yini wurin wani mai walda a bayan tasha, muna yi wa mota hanci, wato dogon bututun da injin zai riƙa shaƙar iska ta sama da ruwa. Tsohon bututun famfo muka samo. Ya gasa shi ya lanƙwasa, aka huda gefen bonet, aka haɗa gindinsa da gwangwanin tace iska, aka miƙe shi ta gefen gilashi har ya ɗara rufin mota. Mahaɗar muka naɗe da robar cikin taya, muka lafta giris, wayoyin filogi ma muka shafe su. Mai walda ya karkatar da bakin ya dubi baya don kada ruwan sama ya shiga. Da aka gama, motar ta koma kamar injin niƙa mai tafiya. Mutane na dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Kwalta lafiya lau har muka wuce Bakori a hanyar Malumfashi. Dawa ta rufe mutum, auduga ta yi kore shar, masu ɗauke da buhunan taki na ta wucewa a kan kekuna. Mun tsaya shan koko da ƙosai, na ga ƙosan kobo goma ya ƙanƙance har ba ya cika tafin hannu. Ƙanena ya cinye nasa ya haɗa da nawa, don ni abin ya ƙi wucewa.

Da muka saki kwalta sai taɓo ya karɓe mu. Mota na rawa, tana jefa gindi hagu da dama. Rafin muka tarar bai kai ƙugu ba. Muka cire fambel don kada fanka ta watsa wa inji ruwa, ƙanena ya yi bisimilla ya shiga, muka fita ba ko tari.

Ganin Inna ya karya mini zuciya. Ƙafar ta yi sumul tana sheƙi, an shafe ta da magani baƙi, amma bakinta na nan. Tana ganina ta ce na rame. Muna shirya mata shimfiɗa a bayan mota hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Dole muka fake a zaure. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da dafaffiyar masara, ina ci ina sauraron ruwan, ina lissafin yadda rafi ke cika.

Bayan azahar ya tsagaita, muka kama hanya. Kawu, yayan Inna, ya ce ƙafarsa ƙafarta, ya shiga baya ya tallafe kanta. Tun a fitar gari na ji motar ba ta da kuzari, ƙanena ya ce sanyi ne ya kama ta.

Rafin da muka bari da safe ba shi muka tarar ba. Ya yi ja wur, yana tafe da rassa da karare. Na dubi Inna, ta daina magana, sai nishi. Komawa gida na nufin jira har ruwa ya janye, ƙafar nan kuwa ba ta jira. Muka shiga.

Ruwa ya rufe tayoyi, ya hau fitilu, ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Daidai tsakiya ƙanena ya taka mai, sai injin ya shaƙe, yana kakari kamar akuyar da igiya ta shaƙe. Motar ta fara karkacewa tana bin ruwa. Na san in ya mutu a nan, babu shanun da za su shigo. Tsoro ya kama ni.

Sai muryar Kawu daga baya: "Kai yaro, ko toshiyar da na yi ce? Na ga bakin bututun nan a buɗe ana ruwa, sai na cusa mashi totuwa."

Na fita ta taga, na taka bonet, ruwa na dukan ƙafata. Ga totuwar masara naɗe da tsumma, injin ya zuƙe ta ciki, bakin tsumman kaɗai ya rage a waje. Na kama da farce, ya suɓuce. Na sa haƙori na ja. Tana fita motar ta yi wani gurnani ta zabura, saura kaɗan in faɗa ruwa. Haka muka haye, ina rungume da bututun.

A gaɓa na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga idon Kawu ya cika da hawaye. A garinmu ba a barin bakin gora ko na rumbu a buɗe cikin damina, wanda ya gani shi zai rufe, ba ya tambayar mai shi. Abin da ya yi ke nan, ya taka dutse ya hau cikin ruwan sama don ya kyautata mana.

Kafin magariba muka shiga Funtua, aka kwantar da Inna, aka tsaga ƙafar aka fitar da mugunya. Jiya ta fara takawa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, in ka kai sabon abu gida, ka gaya wa mutanen gida amfaninsa tun kafin ka zauna. Kawu yana nan wurinmu har ruwa ya janye. Kullum da safe shi ne farkon zuwa asibiti, kuma har yau bai iya haɗa ido da ƙanwarsa ba.